Rim Ɗin da Ma'auni Ya Ƙi Ɗaurawa

Ba a jin zuwan motar Hedimasta. Jif ce mai aiki da lantarki, ba ƙugi ba hayaƙi, sai dai mutum ya ga inuwarta ta tare masa haske. Haka ta shigo harabar shagon Ma'auni da hantsin ranar Litinin, yana durƙushe yana zare ƙusa daga tayar wata tasi.

Ya gane motar tun kafin a buɗe ƙofa.

Wata bakwai ke nan da Hedimasta ya hana shi taka gidansa. Ranar da ya je da maganar Auta, ƙaramar 'yar gidan, tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ba zan ba da 'yata ga wanda ya ajiye alƙalami ya ɗauki sifana ba."

Abin da ya fi ciwo, Hedimasta ba baƙonsa ba ne. Shi ya koya masa lissafi shekara uku a sakandare, shi ne ma ya laƙaba masa Ma'auni, don ba ya miƙa amsa sai ya auna ta sau biyu. Ya sa rai yaron zai zama injiniya. Sai mahaifin yaron ya rasu ya bar shagon taya da ƙanne huɗu, Ma'auni ya rufe littafi ya buɗe shago. Shekara goma sha ɗaya ke nan, malamin bai huce ba.

Hedimasta ya fito yana gyara tabarau. A kujerar gefe Auta ce zaune cikin farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ta sunkuyar da kai kamar mai ƙirga yatsunta.

Ma'auni ya goge hannu a jikin wando, ya russuna.

"Barka da hantsi, Malam."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Aiki na kawo. Buɗe but."

Ya buɗe. Ƙafafun mota huɗu ne a jere, rim manya baƙaƙe masu sheƙi, kowanne an ɗaura masa siririyar taya, kamar an zagaye faranti da igiya.

"Inci ashirin da biyu," in ji Hedimasta, yana jan kalmar don a ji ta sosai. "Kyautar Manaja ce. Ka san Manaja, ɗan aminina, wanda ke neman Auta. Ya ce motata ta fi ƙarfin waɗannan 'yan ƙafafun da ta zo da su. An ce duk unguwar nan ba wanda ya kai ka iya aiki. To, cire masu inci sha taran nan ka ɗaura mini waɗannan."

Ma'auni ya saci kallon Auta ta madubin gefe. Ta ɗago ido sau ɗaya, idon na roƙo, ta mayar.

Ya sauke rim ɗaya ƙasa. Ya kifa shi, ya share bayansa da tsumma, ya kusanto da fuskarsa yana karanta rubutun da aka buga a jikin ƙarfen. Sannan ya buɗe ƙofar direba, ya tsugunna gaban 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. Ya koma wurin rim. Ya sake komawa wurin ƙofar.

"Jarrabawa kake rubutawa ne?" in ji Hedimasta.

"Malam, ka yi haƙuri. Ba zan ɗaura su ba."

Direban tasin da ke jiran tayarsa ya daina danna waya.

"Me ka ce?"

"Waɗannan na ƙaramar mota ne mai shan mai. Kowanne an rubuta kilo ɗari shida da casa'in yake ɗauka. Motarka kuwa batir ɗinta kaɗai ya kai nauyin wata ƙaramar motar. In ta ɗauki mutane da kaya, kowace ƙafar baya tana buƙatar abin da zai ɗauki kusan kilo ɗari tara. Ramukan noti sun dace, shi ya sa za su shiga. Amma shiga daban, ɗauka daban. Tayar ma siririya ce, ba ta da naman da zai sha duka. Ranar da aka faɗa rami da gudu, ƙarfen ne zai sha."

Hedimasta ya yi wata dariya marar daɗi.

"Hassada ga mai rabo taki ce, yaro. Wani ya yi abin da ba za ka iya ba, sai ka nemo masa aibu a bayan ƙarfe."

"Wallahi ba haka ba ne, Malam. Zo ka duba da idonka."

"Ni za ka koya wa karatu? Mayar mini da kayana!"

Ma'auni ya ɗaga rim ɗin ya mayar, ya rufe but a hankali. Motar ta juya ta fice shiru kamar yadda ta shigo. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne Auta ta kifa fuskarta a tafin hannu.

* * *

Da la'asar Auta ta dawo ita kaɗai, ko gida ba ta je ba daga wurin aiki. Ta zauna a kan bencin masu jira, tsakanin injin awon taya da tulin tsofaffin tayoyi, ta ƙi kallonsa.

"Auta."

Shiru.

"Ranki ya daɗe, ko zagina ne ki yi, ya fi mini wannan shirun."

"Sati biyu," ta ce. "Sati biyu ni da Umma muna lallaɓa Abba ya kawo aikin nan wurinka. Umma har ta ce ba za ta shiga motar ba in ba kai ka ɗaura ba. Mun ce in ya zauna awa ɗaya ya ga yadda kake aiki, ya ga yadda mutane ke girmama ka, zuciyarsa za ta yi sanyi. Awa ɗaya kawai muka nema maka. Ko minti goma ba ka cika ba."

"Ban san ke kika shirya ba."

"Da ka sani fa? Da ka ɗaura?"

Ya daɗe yana murza tsumman hannunsa.

"A'a."

Hawayen da take riƙewa suka zubo.

"Ka gani ko? Ni ba a bakin komai nake ba. Lambar da ke bayan ƙarfe ta fi ni daraja a wurinka."

Ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a gabanta, ƙasa da ita, yadda dole in ta ɗago ido ta gan shi.

"Wa ke zama a kujerar baya ta dama in za ku fita da Umma?"

"Ni."

"To, a kan wannan lambar kike zama. Auta, zan iya haƙura Malam ya tsane ni har ƙarshen rayuwata. Zan iya haƙura in ga an kai ki gidan wani, ko da yake ban san yadda zan yi numfashi ba a ranar. Amma in ɗaure noti da hannuna a kan abin da na san zai iya fashewa da ke a ciki? Wannan hannun gara ya guntule."

"Kada ka ce haka."

"To ki daina kuka. Kina sa ni ina manta abin da zan faɗa."

Ta ja hanci, ta karɓi tsumman da ya miƙo mata, ta duba shi, ta mayar masa.

"Wannan ai sai ya ƙara mini baƙi."

Suka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Abba ya kai wani shagon an ɗaura," ta ce a hankali. "Na gaya masa ni na yarda da maganarka, ya ce so ya rufe mini ido. Ya ce shi ba zai tilasta mini Manaja ba, ni ba yarinya ba ce. Amma bakinsa ba zai sa albarka a maganarka ba har abada. Ni kuma ka san ba zan iya fita gidanmu ba da albarkar Abba ba. Ya zan yi?"

"Manaja fa? Me yake cewa?"

"Shi bai san komai a kan mota ba, hoto ya gani a waya ya burge shi ya saya. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Sau uku ina gaya masa zuciyata na wani wuri, sai ya ce zai jira ta dawo."

Ma'auni ya ɗago kai ya dube ta.

"Har yanzu Malam na zuwa filin wasa da safe?"

"Kullum. Likita ya ce ya zagaya sau shida. Me ya sa?"

"Ba komai. Tashi in tare miki tasi, kada Umma ta damu."

* * *

A gida kuwa Hedimasta ya zama ango. Da kansa yake wanke rim ɗin da buroshin haƙori. In ya je wurin abokansa tsofaffin malamai, sai ya ajiye motar a karkace yadda rana za ta daki ƙafafun. Manaja ya zo ya zagaya ta sau biyu yana tafa hannu, ya ɗauki hoto da Hedimasta a jikinta.

Umma ce ba ta shiga murnar ba.

"Malam, motar nan da kamar katifa take. Yanzu ko tsakuwa ka taka sai na ji ta a ƙashin bayana."

"Tsufa ne, ba mota ba."

"Tsufan da ya zo mini ranar Litinin da azahar?"

Auta ta toshe baki ta shige ɗaki.

Ga kuma caji. Da can sau biyu a mako yake jona motar a bango ta ishe shi. Yanzu sau uku, wani makon har da ƙari. Lambar da ke nuna sauran tafiya a gaban sitiyari ta riƙa zubewa kamar ana tsiyayar ta. Umma ta tambaye shi, ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi kwanan nan. Ta ce, "Ikon Allah, ita ma wutar tsufa ya kama ta."

Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, kowace safiya, da zarar Hedimasta ya kulle mota a bakin filin wasa ya shiga zagayensa, wani babur na tsayawa a bayan bishiyoyi. Ma'auni zai sauko da tocila da guntun alli. Zagaye shida na ɗaukar tsohon minti arba'in. A cikin minti ashirin Ma'auni zai bi ƙafafun nan huɗu, ya kwanta a ƙasa, ya haska bayan kowane rim, ya shafa da yatsa, ya gwada iska, ya hau babur ya tafi buɗe shago.

Kwana goma bai ga komai ba. Har ya fara tambayar kansa ko da gaske hassadar ce.

Ranar Alhamis da yamma Auta ta turo masa saƙo: "Gobe bayan Abba ya dawo daga fili za mu tafi wurin Yaya, ta haihu. Tafiyar awa uku. Ni da Umma da Goggo da kaya cike da but. Jiya Abba ya faɗa wani rami har kan Umma ya bugi rufi. Ka yi mana addu'a."

Ya karanta saƙon sau huɗu.

* * *

Ranar Juma'a Hedimasta zagaye biyu kawai ya yi, saboda tafiya. Yana fitowa daga fili yana share gumi, sai ya hango ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa, wajen tayar baya ta dama.

"Kai! Ɓarawo! Fito nan!"

Ƙafafun suka daskare. Sannan a hankali mutumin ya jawo jikinsa waje, rigarsa duk ƙura, tocila a hannu.

Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kai ne? Lalacewar taka har ta kai nan? Ka zo ka kwance mini noti don maganarka ta zama gaskiya?"

Wasu masu motsa jiki suka fara tsayawa suna kallo. Ma'auni bai tashi tsaye ba. A durƙushe yake, fuskarsa ba tsoro, sai wani abu da ya fi tsoro nauyi.

"Malam, ka kira 'yan sanda in kana so, ba zan gudu ba. Amma don girman Allah ka fara sunkuyowa ka ga wani abu."

"Ba zan sunkuya ba."

"To ba ni yatsanka."

Ko mamaki ne ya sa, ko muryar ce, Hedimasta dai ya tsinci kansa yana dafa mota yana durƙusawa, gwiwoyinsa na ƙara. Ma'auni ya murƙushe alli a tafin hannu, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafan rim ɗin, ya shafa garin a can ciki, ya hure, ya haska tocila.

A kan baƙin ƙarfen wani farin layi ya fito, siriri kamar gashi, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya taso daga baki ya nufi tsakiya.

Ya kama yatsan malaminsa ya ɗora a kai. Farce ya maƙale a tsagar.

"Shekaranjiya babu ita," in ji Ma'auni. "Jiya na ga kamar alama, ban tabbata ba. Yau ta buɗe. Iskar tayar ma ta ragu."

"Shekaranjiya? Ta yaya ka san babu ita shekaranjiya?"

Ma'auni ya sunkuyar da kai.

"Kullum ina zuwa, Malam. Yau kwana sha biyu."

Hedimasta ya zauna daɓas a kan kwalta, da kayan motsa jikinsa, bai damu da masu kallo ba. Ya daɗe yana duban farin layin nan. Yana ganin babbar hanya a ransa, da manyan motoci, da matarsa da ƙanwarsa da autarsa a kujerar baya.

Can ya miƙa hannu ya ɗauki guntun allin da ya rage, ya ba shi.

"Yi mini lissafin. A rubuce. Ba na karɓar amsa da baki."

Ma'auni ya share kwalta da tafin hannu ya fara. Ya rubuta nauyin da takardar ƙofa ta ce ƙafafun baya za su iya ɗauka, ya raba biyu. Ya rubuta lambar rim a gefe, ya debe wannan daga wancan, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa.

Hedimasta ya bi layi-layi da yatsa, leɓɓansa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya ƙwanƙwasa ƙasa.

"Ɗari da tamanin da biyar na me? Awaki? Lamba ba ta yawo tsirara."

"Kilo, Malam." Ya yi sauri ya rubuta.

"Yauwa."

Masu kallo suka ga ba faɗa za a yi ba, suka watse.

"Har yanzu bakwai ɗinka da sanda a tsakiya kake yin ta," in ji tsohon, muryarsa ta sauya. Ya cire tabarau, wannan karon bai mayar ba. "Me ya sa ba ka zo wurina ba?"

"Na so in zo, amma ka ce kada in taka gidan."

"Ba yanzu ba. Wancan lokacin. Da babanka ya rasu. Wata guda ina ajiye maka kujerarka ta gaba, na hana kowa zama. Sai a bakin yara na ji wai ka buɗe shago. Ko sallama ba ka yi mini ba. A shekara talatin da biyar na koyarwa, ɗalibi uku na yi irinka. Biyu sun tafi inda na so. Kai kuma ka ɓace kamar ban taɓa zama komai a wurinka ba."

Idon Ma'auni ya cika.

"Sau biyu na zo har ƙofar ofishinka. Na ji muryarka a ciki, na juya. Na san in na shiga za ka ce in dawo aji, ni kuma ba zan iya ce maka a'a ba. Ga Inna ba lafiya, ga yara huɗu. Sai na ga gara ka yi fushi da ni da in tsaya a gabanka in ƙi maganarka."

"Amma ranar Litinin ka iya ƙin ta."

"Ranar ba rayuwata ce a kan ma'auni ba, Malam."

Hedimasta ya juyar da fuska, ya yi ta goge tabarau da gefen riga, ya fi minti guda yana goge abin da ba datti.

"Ƙannen naka fa?"

"Biyu sun gama jami'a. Ɗaya na aji uku. Ƙaramar tana son lissafi, ta fi ni ma."

"Hmm." Ya miƙa masa hannu. "Ɗaga ni. Gwiwar nan ba ta san girma ba."

* * *

Ba a yi tafiyar da safe ba. Ma'auni ya hana a motsa motar ko taku ɗaya. Ya je gidan Hedimasta a motar ɗaukar kaya, karo na farko cikin wata bakwai, ya kwaso tsofaffin ƙafafun daga bayan gareji. Auta ta leƙo ta taga ta gan shi yana gangaro da taya a tsakar gidansu, ta yi zaton mafarki take.

"Umma! Umma, zo ki gani!"

Umma ta leƙa, ta ce, "To, yau kam ko Abbanku ya sauko, ko kuma sata ake mana da rana tsaka."

A bakin fili ya mayar da su, da azahar suka kama hanya, suka isa lafiya.

Bayan sun dawo, Hedimasta da kansa ya kira Manaja, ya nuna masa tsagar. Manaja ya riƙe kai yana salati, ya ce wallahi bai sani ba. Hedimasta ya ce ya san bai sani ba, shi ma da ya kira kansa malami bai sani ba. Sannan ya gaya masa ɗaya maganar, wadda Auta ta faɗa sau uku bai ji ba. Manaja ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ya tafi ba tare da ya sha ruwan da aka kawo masa ba, Auta ta ji tausayinsa har ta yi ƙwalla.

Kowa ya ɗauka maganar manyan ƙafafu ta mutu. Sai ga Hedimasta a shago ranar Talata.

"Ka ji ko, ni fa idona ya riga ya saba. Yanzu in na dubi motar nan sai in ga kamar ƙato sanye da takalmin yaro. Ba yadda za a yi?"

Ma'auni ya danne dariya, ya jawo masa kujera. Awa biyu suka yi kan teburi suna duba littafin kaya. Ashirin da biyu, Ma'auni ya ce a'a, ko da mai ƙarfi ne, bayan Umma ba zai yafe ba, caji kuma zai riƙa zuba. Hedimasta ya ce ashirin da ɗaya. Ma'auni ya ce ashirin, rim marar nauyi wanda aka rubuta yana ɗaukar kilo ɗari tara da hamsin, da taya mai kauri wadda aka yi don motar lantarki.

"Inci ɗaya kacal a kan na da? Wa zai lura?"

"Zai fi faɗi, zai cika ramin ƙafar. Kuma tsayin gaba ɗaya ba zai sauya ba, allon gudu ba zai yi maka ƙarya ba. Caji zai ɗan ragu, amma kaɗan."

"Kaɗan nawa? Rubuta."

Ya rubuta. Hedimasta ya duba, bai sami abin gyarawa ba, abin ya ɗan ba shi haushi.

Mako guda kayan suka iso. Ranar ɗaurawa har da Umma da Auta aka zo. Ma'auni ya auna kowace taya a inji, ya ɗaura, ya daidaita ƙafafun. Da aka zo ɗaure noti sai ya miƙa wa malaminsa doguwar sifanar da ke yin ƙas in noti ya kai iyakarsa.

"Ja a hankali, Malam. In ka ji ƙara ka tsaya."

Ƙas!

Hedimasta ya washe baki kamar yaron da ya ci jarrabawa. Sai da ya bi noti ashirin ɗin duka, ya hana kowa taɓawa.

Da aka sauke motar, ya ja da baya ya riƙe ƙugu. Ta tsaya daram, ƙafafun ruwan toka sun cika ta ba su yi mata yawa ba.

"Ba laifi," ya ce. Ya jefa wa Ma'auni makulli. "Kai ka yi aikin, kai za ka gwada. Kai mu gida."

Ya buɗe baya ya shiga kusa da Umma. Auta ta tsaya tana raba ido, don kujera ɗaya ce ta rage.

"Ke kuma tsayuwar me kike? Ko a but za ki zauna?"

Ta shiga gaba, ta maƙale a jikin ƙofa, ta kasa kallon gefenta. Ma'auni ya kama sitiyari da hannu biyu kamar ranar da ya fara koyon tuƙi.

Motar ta hau titi tana tafiya kamar a kan ruwa. Suka taka wani ɗan rami, Umma ta saurara, sannan ta gyara zama.

"Ɗana, bayana ya ce a gaishe ka."

"Ina amsawa, Umma."

Hedimasta ya jingina ya lumshe ido kamar mai barci. Sun yi nisa kafin ya yi magana, idon a rufe.

"Ranar Asabar ina gida. Ka zo da kawunka. Ka taho da ƙaramar nan mai son lissafi in gwada ta."

Auta ta waigo ta dubi mahaifinta.

"Ban ce na yarda ba fa," ya ƙara da sauri. "Cewa na yi ka zo."

Umma ta leƙo tsakanin kujeru, ta rage murya yadda kowa zai ji.

"Shekara talatin da takwas ina zaune da shi. Haka yake cewa eh."

Auta ta juya wajen taga, hawaye na bin kumatunta, dariya na neman ƙwace mata. Ma'auni kuwa ido na kan titi amma ba ya ganin komai, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Ka wuce kwanar gidanmu," ta raɗa masa.

Ya zabura zai taka burki.

"Ƙyale shi ya zagayo," in ji Hedimasta daga baya, bai ko buɗe ido ba. "Akwai sauran caji."